Gwiwar Hagu

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi likimo a tasha,
ni da injin ɗab'i kaɗai ne ido biyu
a ƙasan benen asibiti.

Yana ta tofa farar roba,
zare bisa zare, siriri kamar gashi,
yadda zanzaro ke gina ɗakinsa a kusurwa,
ba gaggawa, ba waiwaye.

A fayil an rubuta: Baldomero Quilodrán,
shekara hamsin da uku, mai raba wasiƙu,
gwiwar hagu.
Ba a rubuta ruwan watan Yuli ba,
ko santsin matakala,
ko karen da ya gifta,
ko ƙarar da ya ji daga cikin jikinsa, ɗas,
kamar tsinkewar igiyar shanya,
wasiƙun mutane suka watse har kwata.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Ƙashinsa na sani.
Kwana uku ina jujjuya hotonsa a kwamfuta,
na san tudunsa, na san kwarinsa,
na san wani ɗan ƙullutu da ya samo tun ƙuruciya
wanda ko matarsa ba ta san da zamansa ba.

Likita Irarrázabal ta ce mini jiya,
tana kurɓar shayi a tsaye:
"Nélida, hannuna ba ya rawa,
amma ido yakan yi ƙarya.
In na kauce da milimita biyu,
zai riƙa jin kuskurena a kowace matakala."

Shi ya sa nake gadin wannan ɗan abu
da bai fi tafin jariri ba.
Gobe zai zauna daram a kan ƙashin
kamar murfi da tukunyarsa,
ya ce wa mahudi: bi ta nan, kada ka karkata.
Sai a ciro jijiya daga bayan cinyarsa,
a zura ta ramin, a ɗaure.
Jiki ya ranta wa jiki,
bashi babu ruwa, babu shaida.

Duk faɗin duniya gwiwa ɗaya tak zai yi wa daidai.
Awa bakwai ana gina shi,
minti ashirin zai yi aiki
a jefa shi kwandon shara.
Na buga biyu, don tsaro.
Na biyun ya kwana a aljihuna, ya zama nawa.

Aka yi wata goma sha ɗaya.
Gidana can ƙololuwar tudu yake,
matakala ɗari da sittin da biyu,
'yan uwana ma sai da dalili suke hawowa.
Wata Asabar ina shanya na ji taku,
ɗaya bayan ɗaya, babu mai jan ɗan uwansa.
Wani mai furfura da jaka a kafaɗa
ya miƙo mini takardar kuɗin wuta, yana haki.
Na karanta sunan da ke ƙirjinsa.

Ya ce, "Lafiya, baiwar Allah?"
Ashe gwiwarsa nake kallo
kamar na ga ƙawar da muka daɗe ba mu haɗu ba.
Na ce, "Lafiya lau. Sannu da hawa."

Ya juya ya gangara, bai dafa ƙarfe ba.
Na ƙirga har arba'in kafin ya sha kwana,
sannan na duba takardar.
Sun ƙara kuɗin wuta.