Taƙi Ɗaya

Taƙi ɗaya ce, in ka auna da hannu,
daga babban yatsa zuwa na tsakiya.
Ƙasa da nan marmara ce, ja, kurma,
ko kuka ka yi mata ba ta amsawa.
Duk geron da Sandamu ke ci
a wannan ɗan tsakanin yake kwana.

Shekara tara na tuƙa katafila
a ramin kwal, can nesa da gida,
inda kakin mutum kan fito baƙi.
Wani tsohon safiyo, Barmo, ya tare ni ran farko:
"Fere ta sama kamar kana feren rogo,
ka tara ta gefe, ita kaɗai.
Kada tsibin ya fi ka tsawo da yawa,
ta can ciki shaƙewa take.
Yafa mata wake a ka, ta sami mayafi.
In tana jiƙe kada ka hau ta,
taya na mayar da ita tubali."
Na ce, Baba, ƙasa ce fa, ba jinjiri ba.
Ya damƙo ta, ya kai mini hanci.
Na ji ƙamshin ruwan farko, na yi shiru.

Da na dawo, gonar ubana ta zama rami.
Masu hanya sun ɗebi burji, sun biya, sun wuce.
Ba su da Barmo.
Gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa,
ruwa ya kwanta kore a gindi,
sai sauro da ledoji.

Inna Hurera ce ta nuna mini da sanda:
"Wancan tudun na arewa, mai tumfafiya,
awakina ba sa barinsa."
Na tona da hauya.
Baƙa. Ga tana tana murɗawa.
Ashe can suka ture ta, ba don tausayi ba,
don ta ba su hanya.

Yanzu ba ni da katafila.
Ina da diga, da amalanken aro,
da bijimai biyu na Abashe, ɗaya gurgu.
Muka kwantar da gaɓar har yaro ya iya sauka da gudu.
Muka farfasa gindin, don saiwa ta sami ƙofa.
Sannan muka shimfiɗa ta.
Ba ta kai taƙi ba. Yatsa huɗu, wani wurin uku.
Na roƙi juji gida-gida,
na ba makiyaya dawa, shanunsu suka kwana bakwai a kai.

Ruwan farko ya kwashe kashi ɗaya cikin uku.
Na tsaya a gaɓa ina kallon guminmu
yana gangarawa, launin kunu.
Ban ci tuwo ba daren nan.
Da safe muka jera duwatsu a gicciye,
muka haƙa rabin wata, baki na fuskantar tudu.

Ciyawa ce ke shiga gaba.
Gamba, kyasuwa, harkiya,
su ɗinke ƙasar da saiwa.
Sai sabara da kalgo.
Gawo ya ƙi fita daga hannuna,
sai da ya bi ta cikin akuya.
Gero ne ƙarshe, kuma bai zo ba tukuna.
Mutane na wucewa suna tambaya,
"Tukur, ciyawa ake ci a gidanku?"

Damina ta uku ke nan.
Jiya na ga buzuzu na mirgina kayansa,
gara ta ja kara zuwa ƙasa.
Na tona, na sa hannu. Da saura.
Kulu, ’yar autata, ta durƙusa kusa da ni,
ta buɗe ’yan yatsunta a bangon ramin,
ta ce, "Baba, ai ta cika."
Na mayar da ƙasar, baƙar a sama.