Saƙon Murya Zuwa ga Munzali

Munzali, na ji saƙonka bayan La'asar,
ina tsugune a bakin shago, nan Ƙofar Ruwa,
hannuna dumu-dumu da baƙin mai,
sai Ɗan'asabe ne ya danna mini wayar.
Ka ce jirgin ruwan maigidanku hawa uku ne,
ɗaki tara, falo biyu, fari fat kamar nono a ƙwarya,
kuma wai kai za ka zaɓo abin da zai sanyaya shi.
Kai ɗin da na kora sau biyu kan ɓatan sifana!

To, saurara.
Ni dai teku ban taɓa ganinta ba.
Babban ruwana Tiga, shi ma a mota na wuce,
sai Jakara in ta cika ta kawo mana leda.
Amma zafi na san shi, shekara talatin muna kokawa.
Ɓarawo ne, ko a ina ta taga yake shiga.

Don haka ƙirga gilashi kafin ka ƙirga kuɗi.
Auna kowane ɗaki da tef, ban da ido.
Mutum nawa ke kwana? Ina ake girki?
Wane bango ke jingine da ɗakin inji?
Kada girman maigida ya sa ka sayo wadda ta fi ƙarfin wurin.
Babbar na'ura a ƙaramin ɗaki
kamawa take yi tana saki,
sanyi ya zo, laima ta ƙi tashi,
a wayi gari rigar Alhaji tana warin rumbu.

Ka ce a can ruwan teku ke shanye zafin na'ura,
famfo ya jawo, ya zaga, ya mayar.
Na jinjina kai.
Kuna zaune a kan abin da muke saye a jarka.
Sai dai ruwan da ya zo da gishiri bai zo zumunci ba.
Na taɓa kwance wata da aka kawo daga Ikko,
jan ƙarfenta ya yi kore, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.
Buɗe rariyar famfo duk mako, ko ba a ce ba,
ciyawa da katantanwa ba sa sallama.

Ka tuna kuma gidanku rawa yake yi.
Abin da na ɗaure a bangon Gwammaja yana inda na bar shi,
naka kullum jijjiga shi ake kamar ɗan goye.
Sa roba ƙarƙashin kwamfireso. Bi noti ɗaya-ɗaya.
Tiren da ke tare raɓa, ba shi mafita biyu,
in jirgi ya karkata hagu, ruwa ba ya jiran dama.
Sai kunne, Munzali.
Geji kan yi ƙarya. Kunne da tafin hannu, da wuya.

Dakata, an ɗauke wuta.

Ga ni nan, gyararrun na'urori sha ɗaya a bayana,
ina fifita da kwalin wata sabuwa.
Ɗan'asabe na dariya. Rabu da shi.
Mai sayar da sanyi da gumi yake cin tuwo.
In aiki ya yi kyau ba mai tuna sunanka,
maigida ya ja bargo a tsakiyar teku, ya yi ta minshari.
Ranar da ka ji an ƙwala maka kira,
wani abu ne ya tsaya.

In za ka zo Babbar Sallah, kada ka wahala da turare.
Ɗebo mini ruwan nan a gorar roba, ka toshe da kyau.
Ina so in ɗanɗana da harshena
abin da ke cin jan ƙarfe,
in zuba ragowar kan guntun bututu, in ajiye a kanta,
in ga kwana nawa zai yi.

Sifanar nan kuwa, mai lamba sha biyu,
har yau ban gan ta ba.