Wasiyyar Mai Gyaran Agogo

Rubuta, lauya, kafin a ɗauke wuta,
fankar nan taka ma nishi take kamar ni.
Ni ne Barnaba ɗan Gajere,
mai gyaran agogo a bakin kasuwar Sabon Gari.
Shekara arba'in da ɗaya ina gyara wa mutane lokaci,
nawa kuwa ga shi yana tsiyaya,
babu maƙerin da zai toshe.

Hankalina garau, fara rubuta wannan.
Ko jiya mai ƙosai ta so ta cuce ni canji, na kama ta.

Gidan Birget, ɗaki huɗu da rijiya,
na Irmiya da Liyatu ne, a raba daidai wa daida.
Kada wani kawu ya taso daga ƙauye da sanda
ya ce mace ba ta gadon ƙasa.
Ita ta riƙa juya ni a gadon asibiti
sa'ad da ƙafafuna suka yi mini yaji.

Sai shago.
Ɗan tsugul ne, taku shida ka ci karo da bango,
shi na bar wa coci.
Kada a sayar, a ba da haya.
Kuɗin farko na rufi ne:
akwai kwanon da ke yoyo daidai benci na uku,
inda Keziya take zama.
Damina tara tana zuwa sujada da Littafi a hannun dama,
da roba a hagu.
Ta tafi ba ta ga an ɗinke shi ba.

In rufi ya kammala,
a miƙa sauran ga zumuntar mata,
su san gwauruwar da tukunyarta ta kwana a kife,
da yaron da aka koro saboda kuɗin jarrabawa.
Su ne suka san ƙofofin da ba a ƙwanƙwasawa.
Ba na mota ba ne, ja layi a ƙarƙashi.
Ba na lasifika ba, wadda muke da ita ta isa ta da matattu.
Kuma kada a kafa sunana a bango.

Kana kallona ta saman tabarau.
Kyauta kake gani? Bashi ne.
Shekarar da gobara ta lashe layinmu
na tsaya a kan toka da mabuɗi a hannu, ba ƙofa.
Ran Lahadi aka zaga da faranti sau biyu.
Wata tsohuwa mai sayar da daddawa
ta kwance bakin zane,
ban ma san sunanta ba sai ran jana'izarta.

Shaidana ga shi nan, Malam Sha'aibu mai faci,
maƙwabcin shago tun muna da baƙin gashi.
Ya ce a wurinsu wasiyya ba ta wuce sulusi.
Na ce to lissafa.
Ya lissafa a bayan kwalin ashana, bai kai ba.
Ya ce Allah ya karɓa.
Na ce amin.

Irmiya zai ɓata rai, na san ɗana.
Ya riga ya yi wa shagon fenti a zuciyarsa,
ya jera wayoyi a gilashi.
A bar shi, fushin ɗa ruwan bazara ne.
In ya huce a ba shi agogon bangon falo,
wanda ke gaba da minti goma.
Ya sha yi mini dariya: mai gyara ya kasa gyara nasa.
Uwarsa ce ta tura shi gaba
don kada mu makara sujada.
Ban taɓa mayar da shi ba.

Ina zan sa hannu? Nan?
Riƙe mini takardar, yatsun sun fara gardama.

Kai, lauya, agogon hannunka yana baya da minti uku.
Ciro shi mu gani.