Wanda Ke Bayanka

Shekara ashirin da shida ina tuƙi a kwaltar Maskat,
ban taɓa goge wa kowa fenti ba.
Da wannan taƙama na iso Bidiya da asubar Juma'a,
ni ne na bakwai a ayarin mota tara.

Madugunmu Hilal bai nemi ganin lasina ba.
Tsugunawa ya yi gindin tayata, ya ce,
"Sace mata iska.
Wadda ta cika ta yi fam, ita ke fara nutsewa."
Na tsaya ina jin iskar na fita, tsiii,
ban gane da ni yake ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Aka kafa wa kowa jar tuta a doguwar sanda,
aka miƙo mini oba-oba mai tsagaggen murfi.
Doka uku ya ba mu, biyu na kama:
kar ka manne wa na gabanka,
kar ka yi gardama da gangara, in ta ja ka, bi ta.
Ta ukun, rurin injin Pradeep ya haɗiye ta,
ni kuwa girma ya hana ni cewa a maimaita.

Tudun farko ya miƙe kamar bango.
Na hau, na hau, sai sama kawai a gilashi,
babu ƙasa, babu tutar kowa.
Ƙafata ta tsorata kafin ni,
ta saki totur.
Motar ta zauna daram kan cikinta a doron yashi,
taya huɗu na wutsil-wutsil,
kunkurun da aka ɗora kan turmi.

Shamsa ce ke rufe ayari,
'yar kemis, sa'ar autata.
Ta tako da igiya a kafaɗa, ta leƙo ta taga:
"Baba, ɗaga ƙafarka.
Rami kake haƙa wa kanka."
Ta fizge ni sau ɗaya, na sauko,
da kunya, da yashi har cikin haƙora.

Bayan azahar hannuna ya faɗa.
Na fara jin yashi ta sitiyari,
inda ya yi tauri, inda yake ƙarya.
Na kafa ido kan tutar na shida,
ya karkata, na karkata,
ya zuro, na zuro,
ina dariya ni kaɗai kamar yaron da aka saya wa keke.

Sai oba-oba ta yi tari.
"Na bakwai. Ina na takwas?"

Na ɗaga kai ga madubi.
Sawuna ne kawai, da iska tana share shi.

Muka juya, mu takwas.
Can cikin wani kwari mai kama da akushi
muka iske Rodel, ma'aikacin jinya,
tayoyinsa sun nutse har wuya,
oba-obarsa ta mutu,
ɗansa na kan rufin mota yana kaɗa riga.
Minti goma sha biyu, in ji Shamsa.
A nan, minti goma sha biyu ba kaɗan ba ne.

Hilal bai ɗaga murya ba.
Shebur ya miƙo mini,
ya zuba wa yaron ruwa, ya ba shi dabino,
sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Na gabanka yana da mai dubansa.
Kai naka yana baya."

Na yi ta haƙa har tafina ya yi bororo.

Da magariba muka fito bakin kwalta,
aka mayar wa tayoyi iskarsu,
aka sha gahawa a tsaye, kowa ya kama gabansa.
Hanyar Maskat ta miƙe, baƙa, santsi.
Wata tsohuwar akori-kura na biye da ni,
fitilarta ɗaya, ban san mai ita ba.
Da ta ɓace a wata kwana
sai na ji ƙafata ta sassauta,
har ta sake ɓullowa.