Tarin Baba

Kaset ɗari da sha uku Baba ya bari
cikin kwalin sabulu, ƙarƙashin gado,
a gidanmu na Jekadafari.
Na kai wa Giɗaɗo a Tsohuwar Kasuwa,
ya yi sati biyu yana juyewa,
ya miƙo min ɗan abu kamar farcen jinjiri,
ya ce, "Hajjo, duka suna nan ciki, ko ɗaya bai ɓata ba."

Saura abin da zai rera min su.

Mu'awiya ɗan yayata ya zo bayan la'asar,
ya ɗora min manhaja ta fari, mai shuɗin goshi.
Kyau kam, ba a magana.
Sai dai ba ta buɗa baki sai an ciyar da ita data,
kuma mai goge na tsaka da gangara
sai wani ya faɗo mana da tallan bashi,
karɓi yau, biya ƙarshen wata.
Na ce, yaro, Baba har ya koma bai ci na kowa ba,
ba a ɗakinsa za a fara ba.
Cire ta.

Ta biyu ja ce, ga son tsari kamar akawun kotu.
Wa ya rera? Wace shekara? Ina hotonsa?
Ni ina zan sani?
Baba da biro yake rubutu a bayan kaset:
"Bikin Sale, Kumo." "Na hanya." "Kada a taɓa."
Ita ko ta zuba su buhu guda,
ta liƙa musu: ba a san mai shi ba.
Masu kalangu, masu garaya, tsohon nan mai sarewa,
duk ta mai da su marasa dangi.
Ta kuma cakuɗa,
ta kawo kiɗan noma a bayan bege,
Inna na kan sallaya, sai da ta waiwayo.

Wannan na yafe mata.
Amma tana da wani maɓalli na shara,
wai yana kwashe ƙara da shiru daga tsohuwar murya.
Mu'awiya ya danna, yana murmushi.
Kaset na tara ya fito fes, kamar an wanke shi da toka,
na saurara har ƙarshe,
na sake daga fari.
Na ce, akwai abin da ke nan da, yanzu babu.

Ta uku Giɗaɗo ya ba ni, yana sosa ƙeya,
wai tsohuwa ce, an daina yayinta.
Launin tukunya gare ta, rubutu ƙanana,
sai na nemo tabarau.
Ga mantuwa: in ka tsaya a tsakiya
gobe daga farko za ta ɗauko ka.
Amma ba ta tambayata komai,
ba ruwanta da sabis, ba ta san talla ba.
Ɗaya ta wuce, biyu ta biyo,
yadda mai su ya jera.

Na kai na tara bayan isha'i, an ɗauke wuta.
Garaya na tafe, rediyo na shuu a bayanta,
wajen minti shida
sai ga shi:
tari biyu, irin nasa, na mai shan ƙurar auduga,
kujera ta yi ƙara,
sannan, can ƙasa-ƙasa,
"Dija, ja ƙofar nan, ina ɗauka."

Mu'awiya ya ce, Anti, akwai wata sabuwa,
ta fi duka ukun, har kalmomi take rubutawa.
Ban amsa ba, ina kallon Inna.
Ta dafa gwiwa, ta miƙe a hankali,
carbi na lilo a hannunta,
ta je ta ja ƙofar.