Zare Biyu

Hayis ɗin Barau ta shigo gareji tana ɗingishi,
kafaɗar hagu a ƙasa.
Shekara tara tana jigilar tumatir
daga Hunƙuyi zuwa Sabon Gari,
ramukan Kwangila duk sun san ta.

Oga Shekarau bai ce uffan ba.
Ya ja tef daga ƙasa zuwa bakin bodi,
dama, hagu,
ya nuna min yatsu uku.

Muka ɗaga ta a jak, muka tokare da kututture.
Na shimfiɗa kwali na kutsa ƙarƙashi.
Ga ta nan miƙe, sandar ƙarfe,
baƙa, shiru,
kamar ba ita ke ɗauke da motar ba.

"Kada shirunta ya ruɗe ka, Tanimu,
a murɗe take.
Sa alli inda haƙori ya shiga haƙori.
Noti kuma sannu sannu, kana ƙirga zare.
Mai kwance ta da gaggawa…"
Sai ya ɗaga hannun dama,
inda yatsa ɗaya ya tsaya a rabi.

Na ƙirga. Sha ɗaya, sha biyu,
tsatsa na zubo min a ido,
a sha bakwai ta saki numfashi.
Sau uku guduma ta roƙe ta kafin ta fito.

Na wanke haƙoranta da kananzir, na shafa giris.
Na kai hannu ga ta dama, in musanya,
ya make ni.
"Ta hagu ta hagu ce.
Ƙarfen da ya saba murɗuwa gefe guda,
ka juya shi, a hanya zai karye."
Na tuna babana,
shekara talatin a reluwe,
wata bakwai kacal ya yi da ritaya.

Muka mayar, haƙori ɗaya gaba da alli.
Muka sauke, muka girgiza, muka auna.
Daidai wa daida!
Sai Oga ya karɓi sifana,
ya ƙara wa hagu zare biyu.

Na ce, ai ga ta ta karkace kuma.
Ya ce, jira.

Barau ya dawo daga la'asar,
tumbi a gaba, rake a hannu,
ya kama ƙofa, ya hau, ya zauna.
Mota ta nisa,
ta daidaita.

Oga na can bakin famfo,
yana cuɗa hannu da yashi,
ko waiwayowa bai yi ba.