Wayar da Aka Juya

Ni mai gyaran rediyo ne.
Shagona na Sabon Gari, bayan masu yankan gilashi,
inda hayaƙin dalma ya fi turare daɗewa a riga.
Ko gurmi ban taɓa kaɗawa ba.

Ran Talata Habila ya shigo
rungume da abu cikin zanen gado,
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Jitar mahaifinsa ce, ja,
ta koɗe daidai inda hannu ke kwanciya.
Shekara talatin tana majami'a a Wusasa,
shekara biyu a ƙarƙashin gado,
tun ranar da mai ita ya riga mu.

Muka jona ta.
Sifika ta kama gurnani, zuuu,
kamar taransifomar da ruwa ya daka.
Na dafa tsirkiya, gurnani na nan.
Na taɓa bakin soket: tsit.
Na ce, madalla, ciwo ya faɗi sunansa,
wayar ƙasa ce ta tsinke.

Kusa takwas na kwance, na tara a murfin kwalba.
Ciki ga yana, ga ƙwan kyankyaso,
ga guntuwar takarda da rubutun biro ya dushe.
Kunnuwa biyu gare ta,
kowanne maganaɗisu ne
da aka naɗa wa rawanin tagulla
mai sirantar gashin jariri.
Na sa mita. Na wuya lafiya, na gindi lafiya,
allura ta tashi ta tsaya inda ya dace.
Baƙar waya ce ke reto,
tsatsa ta cinye mata baki.

Ina ɗaukar ƙarfen liƙi aka ɗauke wuta.
Na tsallaka wurin Gambo mai shayi,
na cusa shi cikin garwashi
yadda maigidana ya koya min tun ina share shago.
Muna jira, Habila ya ce:
Baba ba mai magana ba ne.
A gida sai gaisuwa, sai tari.
Duk abin da ke ransa, ran Lahadi yake faɗa,
da yatsu.

Na liƙe. Wuta ta dawo. Gurnani ya mutu.
Mamurɗin murya na ƙas-ƙas
kamar akuya cikin busasshen kara;
ɗigo biyu na sifirit, ya yi laushi.

A nan idona ya faɗa kan ɓarnar.
Wani ɗan koyo, Allah kaɗai ya san shekarar,
ya juya wayoyin kunnen wuya,
fara a gurbin baƙa.
In makunni ya tsaya tsakiya
sai kunnuwan su hau gardama,
wannan na ja, wancan na turawa,
murya ta fito a tsuke, rabi ya zube a hanya.
Na gyara. Ban ma tambaya ba.
Gwani ba ya neman izini wurin kuskure.

Ya karɓa, ya kaɗa.
Sauti ya cika shagon, mai kauri, mai maiƙo,
har gilashin kanta ya amsa.
Na gyara zaman hula.

Ya tsaya.
Ya ce, Malam Barau, wannan jitar wani ce.
Ta Baba ta hanci take magana,
siririya, kamar mai mura
yana kiranka daga bayan katanga.

Na buɗe baki zan kawo hujja.
Ina da mita, ina da zanen waya a tsohon littafi,
ina da shekara ashirin da shida a kan wannan benci.
Na rufe.
Allurar mita ba ta taɓa rasa uba ba.

Na narkar da aikina.
Fara ta koma gurbin baƙa,
hannuna na ƙaiƙayi, ina liƙewa.

Ya sāke kaɗawa, a hankali.
Ga ta nan, 'yar siririya, mai mura.
Mai yankan gilashi ya dakata da lu'ulu'unsa.
Habila ya juya fuska ga kalandar bango
ya daɗe yana karanta watan da ya wuce.

Da ya zaro kuɗi
na cire na wayar ƙasa, da na sifirit.
Kuskuren kuwa na mayar masa kyauta.
Gado ne, ba aikina ba.